Don Allah ku ba Lorine Niedecker fili a shafin adabi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Ina bibiyar shafinku na adabi kuma ina jin daɗinsa sosai, amma duk sanda aka zo maganar mata marubuta waƙa na Amurka sai dai a ce Emily Dickinson ko Maya Angelou shi kenan, alhali akwai wata baiwar Allah mai suna Lorine Niedecker da wallahi ta cancanci a ba ta shafi guda cur.

An haife ta a 1903 a jihar Wiskonsin, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Fort Atkinson, kuma kusan duk rayuwarta a bakin Kogin Rock ta yi ta, a wani wuri mai fadama da ake ce wa Blackhawk Island inda ruwa ke yawan ambaliya har ya shigo cikin gidaje. Babanta masunci ne, mamarta kuma ta kurmance. Ta shiga kwalejin Beloit a 1922 amma shekara biyu kawai ta yi ta dawo gida. A 1931 ta karanta wata fitowa ta mujallar Poetry wadda marubucin waƙa Louis Zukofsky ya shirya, abin ya burge ta sai ta rubuta masa wasiƙa, daga nan suka ci gaba da musayar wasiƙu har shekaru da dama.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne aikin da ta yi don ta ci abinci. Ta taɓa yin aikin duba kurakuran rubutu a wata mujallar masu kiwon shanu, sai idonta ya raunana dole ta bari, to daga 1957 zuwa 1963 shara da goge-goge take yi a asibitin garin, tana wanke daɓe, ta koma ɗan ƙaramin gidanta na katako ta zauna ta rubuta waƙa, kuma yawancin maƙwabtanta ba su ma san tana rubutu ba sam. Littafinta na farko New Goose ya fito a 1946, na biyu My Friend Tree sai 1961 shekara 15 a tsakani, shi ɗin ma a Sikotland aka buga shi ba a ƙasarta ba.

Waƙoƙinta gajeru ne ƙwarai, wata layi biyar ce kawai, ruwa da tsuntsayen fadama da kifi da irin hirar mutanen ƙauyensu su ne kayan aikinta. Akwai wadda take cewa kakanta ya ba ta shawara ta koyi sana'a, ita kuma sai ta koyi zama a tebur tana tace magana tana rage ta, kuma wannan aikin ba a korar mutum daga cikinsa. Duk wanda ya taɓa rasa aiki zai ji wannan maganar har cikin ƙashinsa, kuma ta faɗe ta ba kuka ba neman tausayi.

Ta auri Al Millen a 1963, a shekarun nan na ƙarshe ne ta samu sukuni ta yi dogayen waƙoƙinta, ta rasu ranar 31 ga Disamba 1970. A 2002 wata manazarciya mai suna Jenny Penberthy ta tattara ayyukanta a littafi ɗaya, shekara 32 bayan rasuwarta.

Roƙona dai ku samu ɗaya daga cikin malaman da ke muku rubutu ya fassara mana ko da waƙoƙinta uku ne zuwa Hausa, a haɗa da tarihinta. Gajeru ne ba za su ci muku fili ba, kuma ina so matanmu masu rubutu a littafin makaranta bayan sun gama aikin gida su karanta su.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta ku kullum, daga Zariya