Amsa ga Alhaji kan hoton da ke ƙofar gidan abincinmu

Assalamu alaikum Alhaji.

A walimar Sallah ta 'yan Najeriya mazauna Manila ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: shin abinci nake sayarwa a unguwar Quiapo, ko fuskar 'yar mutane? Ka ƙara da cewa zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo mini farin kai, wai na kwaso ɗabi'ar 'yan Filifin waɗanda ba su da abin alfahari sai sarauniyar kyau. Na yi shiru a wurin saboda furfurarka. Amma tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa.

'Yar mutanen da kake faɗa ƙanwar matata ce, kuma ita ce mai girkin gidan. 'Yar ƙabilar Maranao ce daga Marawi, birnin da yaƙi ya ɗaiɗaita tun daga watan Mayu har Oktoban 2017. Unguwarsu na cikin waɗanda aka rushe. Ta iso Manila da 'ya'yanta da abin da ta iya a hannunta, wato girki. Kullum kafin asuba tana tsaye tana daka palapa, haɗin albasar ƙasarsu da citta da barkono, wanda babu abincin Maranao da ke cika ba tare da shi ba. Kazar da take riƙe da ita a hoton, piaparan, mai kwakwa da kurkum, ita ta dafa ta da safiyar ranar. Wannan matar ce ka ce ina kasuwanci da fuskarta, kuma kowa a wurin ya gane inda maganarka ta dosa. Yayarta tana zaune a ɓangaren mata, tana jin Hausa fiye da yadda kake zato. Wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Kyakkyawa ce, kuma na san kyanta zai sa mai wucewa ya ɗaga kai. Ba zan musa ba. Sai dai Alhaji, ka daɗe a garin nan, ka bi titin EDSA ba adadi. Fuskokin wa kake gani a manyan allunan talla? Farare ne, masu dogon hanci, yawanci ruwa biyu. Sifaniya ta mulki ƙasar nan daga 1565 zuwa 1898, Amurka ta karɓa har 1946, kuma har yau tabon yana nan a kantunan magani, inda sabulun gwanda da ƙwayoyin hasken fata suka cika kanta, kamar dai yadda man bilicin ya cika kasuwanninmu a Kano. Pia Wurtzbach da ta ci gasar Miss Universe a 2015 mahaifinta Bajamushe ne, Catriona Gray ta 2018 a Ostireliya aka haife ta. Ban rage musu komai ba, 'yan ƙasa ne. Amma da Chelsea Manalo, mai duhun fata, 'yar baƙin Ba'amurke, ta ci gasar wakiltar ƙasar a 2024, abin ya zama babban labari, don ba a saba gani ba.

A irin wannan gari ne muka kafa hoton mace baƙa, Musulma, da lulluɓinta, ba kwalliyar aro. Mai buga allon ya ba ni shawarar ya ɗan haska mata fata a kwamfuta, wai zai fi jan ciniki. Ita da bakinta ta ce a bar ta yadda Allah ya yi ta, in ba haka ba a cire hoton. Da ribar fuska nake nema, ai da shawararsa na bi.

Batun cewa ba su da abin alfahari sai kyau, wannan magana ba ta dace da wanda ya ci arzikin ƙasar nan ba. Jollibee, kamfanin gidajen abinci na 'yan ƙasar, ta fara ne a 1975 da shagon askirim a unguwar Cubao, McDonald's ta shigo a 1981 da duk ƙarfinta, har yau ta kasa ƙwace kasuwar daga hannun 'yar gida. A 2022 gidan abincin Kasama da ke Chicago ya zama na farko na girkin Filifin da ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci. A 2023 UNESCO ta sa birninsu na Iloilo cikin biranen da suka yi fice a girki. Suna alfahari da tukunyarsu ƙwarai. Abin da ke damun surukaina shi ne, in an zo lissafin, adobo da sinigang da gasasshen aladen lechon ake ambata, a tsallake Mindanao, tsibirin kudu inda Maranao suke. Mutumin Manila da yawa bai san Maranao ba sai a labaran yaƙi, ko a matsayin masu sayar da waya da lu'ulu'u a kasuwar Greenhills. Yanzu Kiristocin da ke fitowa daga cocin Quiapo kan tsaya su tambayi mene ne wannan kaza mai ruwan ɗorawa, su shigo su ci, su nemi ganin mai girkin su gaishe ta. 'Yan matan Maranao kuwa sukan tsaya su ɗauki hoto a gindin allon.

Ka taɓo hukuncin hoto. A rufe take, da yardarta da ta mijinta, kuma limamin da muke bi bai hana ba. Batun tsadar abincinmu da ka ambata kuwa, farashin yana rubuce a bango.

Zan faɗi abin da nake gani, ko da zai yi maka ɗaci. Bara ka nemi a sa ka cikin hannun jarin shagon, muka ba ka haƙuri domin jarin na dangin matata ne. A lokacin hoton yana nan a ƙofa, ka wuce ta ƙarƙashinsa ka zauna ka ci, ba ka ce uffan ba. Sai bayan an ba ka haƙuri ya zama abin kunya.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Na gaji da yadda wasunmu ke zama a majalisa suna yi wa mutanen nan kuɗin goro, alhali a jami'o'insu 'ya'yanmu ke karatun likita da jinya, a gidajensu muke haya. Mu da muke kuka in an kira mu 'yan damfara saboda fasfonmu, mu ne ya kamata mu fi kowa kiyaye harshe.

Hoton yana nan, ba za a sauke shi ba. Ni ba na neman komai a wurinka. Ita ce ka taɓa wa mutunci, kuma tana shago kullum daga asuba zuwa la'asar. Ka zo ka ba ta haƙuri a gaban yayarta.

Wassalam,
Ƙaninka na Quiapo