Cessna sunan manomi ne, Wichita kuma karar shanu ce a da

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da kuka buga kan ƙananan jiragen sama da ake koyon tuƙi da su, na kuma ji daɗinsa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: sunan Cessna ya fito sau da yawa a ciki, amma kamar sunan kamfani kawai. Ni tsohon makaniki ne, rabin rayuwata na yi ta hannu cikin baƙin mai, don haka ba zan so a wuce wannan suna ba tare da an faɗi ko waye mai shi ba, da garin da ya riƙe shi.

Garin shi ne Wichita, a jihar Kansas, tsakiyar Amurka, inda ƙasa take a shimfiɗe fetal, ciyawa iya ganinka, iska kuma ba ta hutawa. Sunan ma ba na Turawa ba ne. Na wata ƙabila ce ta 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka kafa bukkokinsu na ciyawa a mahaɗar kogin Arkansas da ƙaramin Arkansas lokacin yaƙin basasar Amurka. A 1867 aka tashe su aka mayar da su kudu, yankin da yanzu ake kira Oklahoma. An kori masu suna, an riƙe sunan. Duk mai ba da tarihin garin ya kamata ya fara daga nan. Wani ɗan kasuwa mai suna Jesse Chisholm yana da wurin ciniki a can, kuma hanyar da amalankensa suka fasa zuwa kudu ita ce daga baya ta zama burtalin shanu. An ba wurin matsayin gari a 1870, layin dogo ya iso a 1872.

Daga nan sai Wichita ta zama kara. Makiyaya a kan dawaki suna koro garke daga Teksas, tafiyar watanni, a loda shanun a jirgin ƙasa zuwa mahautan gabas. Kuɗi suka shigo, rigima ta biyo su. Amma abin bai daɗe ba. Shanun Teksas suna ɗauke da kaska mai sa wa shanun gida cuta, manoma kuma suna kukan ana tattake musu gona, sai hukumar jihar ta matsar da iyakar shigowar garken zuwa yamma a 1876. Cinikin ya koma Dodge City, Wichita ta koma ga alkama da masara.

Clyde Cessna ɗan irin waɗannan manoma ne. An haife shi a Iowa a 1879, iyayensa suka dawo Rago, wani ƙauye yamma da Wichita, yana ƙaramin yaro. Bai yi nisa a boko ba. Injinan gona ne makarantarsa, yana kwancewa yana ɗaurawa, har ya zama dillalin motoci a garin Enid na Oklahoma. A farkon 1911 ya je kallon wasan jiragen sama a birnin Oklahoma, yana da shekara talatin da ɗaya, ga iyali, ga sana'a mai ci. Ya dawo ya ajiye sana'ar.

Nan ne wurin da nake so masu karatu su tsaya. Jirginsa na farko, wanda ya kira Silverwing, da katako da yadin lilin ya haɗa shi, bisa fasalin jirgin Bafaranshen nan Blériot mai fiffike hawa ɗaya. Injin kuwa irin na kwalekwale ne aka gyara. Ya kai shi wani filin gishiri kusa da ƙauyen Jet, inda babu itace babu tudu. Babu malami. Shi ne maƙerin jirgin, shi ne ɗalibin tuƙi, kuma duk kuskuren ɗalibi maƙeri ne zai biya. Ya faɗo fiye da sau goma. Wanda ya taɓa kwana yana gyaran inji, da safe ya tayar ya ji ya sake bugawa, ya san wani yanki na wannan ɗaci, sai dai mu a ƙasa muke, shi kuwa da jikinsa yake gwaji. Kafin shekarar ta ƙare ya tashi, ya kewaya, ya sauka lafiya. Daga nan ya riƙa bin bukukuwan manoma gari gari yana tashi ana biyansa, lokacin sanyi ya koma gona ya ƙera sabo.

To me ya kai shi Wichita? Wani mai haɗa motoci, J. J. Jones, ya ba shi wuri a masana'antarsa a 1916, shi kuma ya rubuta sunan motar Jones a ƙasan fiffikensa don talla. Shekara guda kafin nan an haƙo mai a El Dorado, gabas da garin, kuma wasu da suka samu kuɗin man, irin su Jake Moellendick, sun zuba shi a ƙirar jirage maimakon su binne shi a filaye. Wannan a ganina shi ne rabon Wichita a labarin. Masu basira suna ko'ina, amma ba kowane gari ne yake da attajirin da zai ba makaniki rumfa da jari ba, ya kuma haƙura da asara.

A 1925 Cessna ya haɗu da Walter Beech da Lloyd Stearman suka kafa kamfanin ƙera jirage na Travel Air. Ra'ayi ya raba su: shi ya nace a kan fiffike ɗaya mai ɗaukar nauyin kansa ba tare da sandunan tallafi ba, a lokacin da aka fi yarda da fiffike biyu, sama da ƙasa. Ya fita ya kafa nasa a 1927. Karayar arzikin 1929 ta rufe masana'antar, sai 'ya'yan 'yar'uwarsa, Dwane da Dwight Wallace, suka farfaɗo da ita a 1934. Bayan shekara biyu ya bar musu, ya koma gonarsa, ya rasu a 1954. Jirgin nan Cessna 172, wanda aka ƙera fiye da 40,000 nasa, sai a 1956 ya shiga kasuwa. Mai sunan bai gan shi ba.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake taɓa wannan batu, ku ba shi shafi guda, da hoton Silverwing in an samu. Ina da yara masu koyon aiki a gareji da zan karanta wa.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku, Gusau