Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Funakaye Kan Shahidan Burmi

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da imani.

Mu zuriyar gida ɗaya ne daga cikin talakawan Sarki na ƙasar Bajoga. Mun kawo kukanmu ne kan kakanninmu da suka kwanta dama a Burmi.

Ranka ya daɗe, Sarki ya fi mu sanin tarihin nan. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fito hijira ya nufi gabas, jama'a suka riƙa barin gonakinsu suna bin sa. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka gwabza a Burmi, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, aka ƙone garin. Maza huɗu ne suka fita daga gidanmu ran nan. Uku can suka faɗi. Na huɗun ya bi ayarin Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi, har Sudan inda aka kafa garin Mai Wurno, tun daga nan ba amo ba labari.

Kakar mahaifinmu tana 'yar yarinya a lokacin. Abu ɗaya ta fito da shi cikin hayaƙi, allon yayanta, gefe guda wuta ta lashe. Yana nan naɗe cikin tsohon zane, in an buɗe ana iya gane Bismillah. Har ta rasu ba ta yin salla ba ta ambaci su ukun ba.

Abin da ke ci mana rai, an san kabarin Sarkin Musulmi, an san na Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci sojojin ya kuma mutu ranar. Namu kuwa, sunayensu a bakin tsofaffi biyu kawai suka rage, ɗaya ma ciwo ya kwantar da shi.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai su tara dattawa, a rubuta sunan duk wanda aka tuna, da boko da ajami, domin ba gidanmu kaɗai ne ya yi rashi ba. A shata iyakar wurin kuma, kada garma ta shiga makwancinsu. In da hali, fada ta aika wa Sarkin Mai Wurno takarda, ko Allah zai sa a dace da jikokin ɗan'uwanmu.

Duk ranar da Sarki ya kira mu, za mu zo da allon da tsofaffin nan biyu, ko da ɗauko mara lafiyan za a yi.

Talakawan Sarki,
Zuriyar shahidan Burmi, ƙasar Bajoga