A ba mu tarihin Pumas, ƙungiyar da jami'a ta haifa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da roƙo ga shafinku na wasanni. Kullum labarin Ingila da Sifaniya muke sha, alhali akwai ƙungiyoyin da tarihinsu zai amfani yaranmu fiye da cinikin 'yan wasa. Wadda nake so ku waiwaya ita ce Pumas ta ƙasar Meziko.

Pumas ba attajiri ne ya kafa ta ba, ba kuma gwamnan jiha ba. Jami'ar ƙasa ta UNAM da ke babban birnin Meziko ce ta kafa ta a 1954, ta fara daga rukuni na biyu da 'yan wasan da akasarinsu ɗalibai ne. Sai 1962 ta haura rukunin farko. Daga nan aka ɗauko koci Renato Cesarini daga Ajantina, shi ya aza harsashin rainon yara tun suna ƙanana, abin da aka san ƙungiyar da shi har yau. A tsakiyar shekarun 1970 da ɗawainiyar ta yi wa jami'a nauyi, sai aka miƙa harkar kuɗi ga kwamitin amintattu, amma suna da launin shuɗi da ruwan zinariya da filin wasa duk suka ci gaba da zama na jami'a. Ba a daɗe ba, a 1977, ta ci kofin lig na farko.

Duk mai goyon bayan Real Madrid da ya kwana biyu a duniya ya san Hugo Sánchez, mai yin alkafura idan ya ci ƙwallo. A kakar 1989/90 ya zura ƙwallo 38 a La Liga, kowacce da taɓawa ɗaya tak. To wannan mutumin a Pumas ya tashi. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne, lokacin da yake cin raga a ƙarshen mako, a cikin mako yana aji yana karatun likitan haƙori a jami'ar nan, kuma ya kammala. A 1981 ya ci lig da Pumas, sannan ya wuce Atlético Madrid, daga can Real ta ɗauke shi a 1985.

Kocin da ya ci wa Pumas wancan kofin na 1981 ma ba baƙonmu ba ne. Bora Milutinović ne, wanda ya ja ragamar Super Eagles zuwa gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa, inda muka doke Sifaniya 3-2 da ƙwallon nan ta Sunday Oliseh da har gobe ake maganarta. Mutane da yawa sun san Bora a bencin Najeriya, kaɗan ne suka san a ƙungiyar jami'a ya fara aikin horarwa.

Hugo ya dawo gida a matsayin koci, ya ci lig sau biyu a jere a 2004. A shekarar nan kuma ya kai yaransa Santiago Bernabéu, filin Real Madrid, suka ci ta 1-0 a wasan kofin da Real ke shiryawa kafin shiga kaka. Daga baya Pumas ta ƙara da kofunan lig na 2009 da 2011.

Filin Pumas a cikin harabar jami'a yake, shi ne ya karɓi gasar Olamfik ta 1968. Kafin a take leda, 'yan wasa da magoya baya kan ɗaga hannu sama a dunƙule su rera taken jami'a. Na ga wannan a bidiyo, tsofaffi da furfura da samari a jere, kuma wallahi tsigar jikina ta tashi.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne abin da nake gani a unguwa. Yaro yana da ƙafa, malamai sun shaida yana da kai, amma sai a ce masa ya zaɓi ɗaya. Uba ya ɓoye takalmin ƙwallo saboda tsoron kada boko ya lalace, ko yaron ya watsar da littafi ya bi wani dillali da ya yi masa alƙawarin Turai. Ban ga laifin iyaye ba, domin ba su taɓa ganin inda aka haɗa biyun ba. Jami'o'inmu kuwa suna da filaye da dubban matasa, suna kuma haɗuwa a NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, amma da an rufe gasa sai kowa ya kama gabansa.

Don Allah ku ware shafi guda ku kawo tarihin Pumas dalla-dalla, musamman yadda aka raba aikin jami'a da na masu riƙe da kuɗi. Ku kuma aika wakilinku ya tambayi shugabannin wasanni na jami'o'inmu abin da ya hana ko ɗaya daga cikinsu riƙe ƙungiya mai ƙarfi a gasar Firimiyar Najeriya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafinku daga Zariya