Kada ɗalibi ya jira sai zuciya ta so karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da ɗaliban manyan makarantu, musamman 'yan shekarar farko, a kan wata kalma da ba ta fita daga bakinsu, wato "yau ba na jin karatu". Ni ma na sha faɗin ta lokacin da nake ɗalibi, kuma na ɗanɗana kuɗata, domin a zangona na farko na faɗi kwas biyu saboda na zauna ina jiran ranar da zuciya za ta so littafi, ranar kuwa ba ta zo ba sai da jarrabawa ta rage kwana biyar.

Zumuɗin da ɗalibi yake shigowa da shi a makon farko wutar kara ce, kafin a yi wata guda ta zama toka, kuma wannan ba abin kunya ba ne, haka ɗan Adam yake. Abin da na gane daga baya shi ne, sha'awar aiki ta fi zuwa bayan an fara shi, don haka wanda ya ce sai ta zo zai buɗe littafi ya ɗaure kansa da igiyar zato. Wani Ba'italiye mai suna Francesco Cirillo ya yi fama da irin wannan kasala yana ɗalibin jami'a a ƙarshen shekarun 1980, sai ya riƙa saita ɗan agogo yana karatu har ya buga, kuma daga nan aka samo dabarar da ta yaɗu a duniya ta yin minti 25 ana aiki, a huta minti biyar, sannan a koma. Sirrinta ba wani ɓoyayye ba ne: zuciya tana tsoron babi guda, amma ba ta tsoron minti 25.

Inda na fi so a tsaya a duba shi ne yadda ake karatun kansa, domin akwai ɗaliban da suke wahala ƙwarai amma wahalar banza. Su ne masu kwana a aji ana gobe jarrabawa suna cusa wa kansu abin da aka koyar a wata uku. Tun a shekarar 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an haddace abu, daga nan sai ta sassauta, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya daɗewa a kai. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada ɗalibai da gajerun rubuce-rubuce, inda wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne suka yi fice, amma bayan mako guda sai labari ya sha bamban, waɗanda suka jarraba kansu suka wuce su. Abin lura a nan shi ne, masu maimaitawar sun fi kowa yarda cewa za su tuna. Wannan ita ce yaudarar da ta kayar da ni, domin idan ido ya saba da shafi sai mutum ya ɗauka ya iya, alhali sanin fuska kawai ya yi masa.

Akwai kuma lissafin da da yawa ba sa yi sai an makara. A tsarin da ake tara makin dukkan zanguna a fitar da matsakaici, sakacin shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar da zai karɓi shaidar kammalawa. A ce ma'aunin biyar ne, kwas ɗin na shekara huɗu ne, kuma nauyin darussa ɗaya ne kowace shekara; wanda ya tashi da 2.0 a shekarar farko sai ya riƙa samun 4.0 a sauran shekaru ukun kafin ya fita da 3.5.

Ban manta ba cewa wani ɗalibin ba lalaci ke damun sa ba, rashin abin hannu ne, ko rashin lafiya, ko kuma damuwar da ta fi ƙarfinsa, kuma irin wannan taimako yake buƙata kafin nasiha. Saboda haka ina kira ga malamanmu da su ware ko da lacca ɗaya ce a makon farko su yi wa sababbin ɗalibai wannan lissafi a kan allo, su nuna musu yadda ake jarraba kai da tambayoyin shekarun baya, sannan su sanar da su ofishin da za su nufa idan abin ya yi musu nauyi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi