Asalin Rey da Rigimar Masoyan Star Wars

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ta daɗe tana ci tsakanin masoyan jerin finafinan nan na Amurka, wato Star Wars, waɗanda ƙagaggun labaran kimiyya ne da suka ƙunshi yaƙe-yaƙe tsakanin duniyoyi a sararin samaniya. Wani zai ga kamar batun bai kai a ɓata masa tawada ba, amma matasanmu da dama suna bin waɗannan finafinai a wayoyinsu, suna kuma shiga gardamar da ake tafkawa a kansu. Ra'ayina shi ne hasashen da ɗan kallo yake yi game da inda labari zai dosa abu ne mai kyau da ke ƙara wa kallo armashi, sai dai yana zama fitina daga ranar da mai hasashen ya ɗauke shi tamkar bashi da yake bin marubuci, kuma ya fi zama fitina ranar da kamfani ya tsorata ya fara biyan wannan bashin.

Hasashe tsohon abu ne a wannan jeri. A fim na farko da George Lucas ya fitar a 1977, an gaya wa saurayin nan Luke Skywalker cewa Darth Vader, mugun nan mai baƙin sulke, shi ne ya ci amanar mahaifinsa ya kashe shi. Bayan shekara uku, a The Empire Strikes Back na 1980, Vader ya datse wa Luke hannu ana tsakiyar fafatawa, sannan ya shaida masa cewa ai shi ne mahaifin nasa. An ɓoye wannan sirri har ga yawancin ma'aikatan fim ɗin, domin David Prowse, wanda ya sanya kayan Vader, wasu kalamai ne daban aka ba shi ya furta a wurin ɗauka, daga baya aka ɗora muryar James Earl Jones da ainihin maganar. Shi kansa Jones ya faɗa daga baya cewa lokacin da ya karanta kalaman ya ɗauka ƙarya Vader yake shara wa yaron. Haka 'yan kallo suka shafe shekara uku cur suna ka-ce-na-ce, wasu na cewa yaudara ce irin ta mugu, wasu na cewa gaskiya ce, har sai da Return of the Jedi ya fito a 1983, tsohon malamin nan Yoda ya tabbatar da zancen, aka kuma ƙara da cewa gimbiya Leia 'yar'uwar Luke ce, tagwaye suke. Waɗanda hasashensu bai ci ba sun haƙura, suka karɓi labarin yadda mai shi ya tsara.

Akwai abin lura a nan wanda masu gardamar yau suke yawan tsallakewa. Shi ma Lucas bai fara da cikakken tsari a hannu ba. A rubutun farko na fim na biyu, wanda marubuciya Leigh Brackett ta kammala a 1978 gab da rasuwarta, mahaifin Luke mutum ne daban da Vader, har ma yana bayyana ga ɗansa a matsayin ruhi. Daga baya ne Lucas ya haɗe mutanen biyu suka zama ɗaya. Ke nan sauya labari ana cikin tafiya ba laifi ba ne a karan kansa. Abin tambaya shi ne daga ina sauyin ya taso, daga cikin buƙatar labarin ko daga tsoron hayaniyar waje. Mayar da Vader uba ya ƙara wa komai nauyi, domin yaron da ya fito neman fansar mahaifinsa ya wayi gari da sanin cewa wanda zai kashe ɗin shi ne mahaifin, kuma a kan wannan ne aka gina tuban Vader a fim na uku, inda ya ɗauki ubangidansa Palpatine ya jefa shi cikin rami don ya ceci ɗansa.

A watan Oktoban 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin George Lucas, a kan dala biliyan 4 da 'yan kai, kuma a Disamban 2015 aka fitar da The Force Awakens wanda J.J. Abrams ya ba da umarni. A nan ne muka haɗu da Rey, budurwa da ke zaune ita kaɗai a hamadar Jakku, tana shiga cikin gawarwakin manyan jiragen yaƙi tana ɓalle ƙarafa, ta kai wa wani dillali ya musanya mata da ɗan abincin da bai taka kara ya karya ba. Kullum da yamma takan ja layi ɗaya a jikin bangon ƙarfen da take kwana a ciki, bangon ya cika da layuka, tana ƙirga kwanakin da ta yi tana jiran iyayen da suka tafi suka bar ta tun tana ƙarama. Duk wanda ya ga wannan bango dole ya tambayi kansa su wane ne iyayen nan. Abrams kuwa gwani ne wajen tayar da irin wannan ƙishirwa, har ya taɓa gabatar da lacca a 2007 a kan wani akwatin sihiri da ya mallaka tun yana yaro wanda bai taɓa buɗewa ba, yana mai cewa abin da ke rufe ya fi jan hankali. Ya sa takobin haske na gidan Skywalker ya jawo Rey zuwa gare shi, ya nuna mana wani shugaban mugaye mai tabo a fuska da ake kira Snoke ba tare da ya ce ga inda ya fito ba, sannan ya rufe fim ɗin da Rey tana miƙa wa Luke takobin, babu wanda ya ce uffan a cikinsu.

Shekara biyu aka kwashe ana kintace. Wasu sun rantse 'yar Luke ce, wasu suka ce jikar Obi-Wan Kenobi ce, malamin Luke na farko, saboda an ji muryarsa a cikin wahayin da ta gani, wasu kuma suka ce ɓoyayyiyar ƙanwar mugun nan Kylo Ren ce, ɗan Leia kuma almajirin Snoke. Shi kuwa Snoke an ce Darth Plagueis ne, wani tsohon mugu wanda aka ambaci labarinsa a fim ɗin 2005. Ban ga aibi a wannan ba ko kaɗan, domin mutane sun koma suna kallon tsofaffin finafinan da idon basira, suna kafa hujja, suna warware hujjar juna, kuma wannan karatu ne na gaske ko da a kan fim ake yin sa.

Sai ga The Last Jedi na Rian Johnson a Disamban 2017. Luke ya karɓi takobin da aka miƙa masa ya wurga shi ta bayan kafaɗarsa. Kylo Ren ya raba Snoke gida biyu tun kafin a ce ga asalinsa. Uwa uba, Kylo ya dubi Rey ya sa ta furta da bakinta abin da ta daɗe da sani tana gudu, cewa iyayenta ba kowa ba ne, ya kuma ƙara mata da cewa 'yan bola-jari ne da suka sayar da ita don kuɗin giya, sun mutu an binne su a ramin matalauta a hamada. A ganina wannan ita ce amsa mafi ƙarfi da za a iya ba wannan yarinya. Abin da Luke ya fi tsoron ji shi ne cewa jininsa na mugu ne, shi aka gaya masa. Abin da Rey ta fi tsoron ji shi ne cewa babu wanda zai dawo, kuma ba ta da wani gida mai suna da za ta jingina da shi, shi aka gaya mata. Mu da muka tashi a inda ake fara tambayar ɗan gidan wane ne kafin a tambayi me ya iya, mun san ciwon da ke cikin wannan magana, mun kuma san darajar labarin da ya ce baiwa tana iya sauka a kan 'yar 'yan bola-jari. Fim ɗin ya ƙarasa da wani yaro bawa mai share garken dabbobi, wanda ya miƙa hannu tsintsiya ta taso ta zo masa da kanta, domin a fahimci cewa ƙarfin ɓoye da jaruman jerin ke aiki da shi ba gadon gida ɗaya ba ne.

Ba ina cewa fim ɗin ba shi da rauni ba. Tafiyar Finn, abokin Rey, da abokiyar gwagwarmayarsa Rose zuwa birnin caca na Canto Bight ta ja dogon lokaci ba tare da ta haifar da abin kirki ba, kuma Mark Hamill da ya fito a matsayin Luke ya fito fili ya ce bai yarda da yadda aka mayar da jarumin nasa mai yanke ƙauna ba, ko da yake daga baya ya nuna nadamar bayyana hakan a bainar jama'a. Irin wannan suka halal ce. Amma da yawa daga cikin masu fushin, idan ka saurare su da kyau, ƙorafinsu bai wuce cewa ba a tabbatar musu da hasashensu ba. Wasu har takardar koke suka buɗe a intanet suna neman a soke fim ɗin daga tarihin jerin. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa masu tashoshin YouTube da suka shekara biyu suna sayar da hasashe sun gano cewa bidiyon fushi ya fi na nazari kawo masu kallo, kuma masu kallo su ne kuɗin talla.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda fushin ya sauka a kan 'yan wasa, waɗanda ba su rubuta ko layi ɗaya ba. Kelly Marie Tran, 'yar asalin Biyetnam da ta fito a matsayin Rose, ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram a watan Yunin 2018 bayan watanni ana yi mata zagin wariyar launin fata da cin mutuncin siffarta. John Boyega da ya fito a matsayin Finn, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya sha nasa tun daga tallar farko a 2014, kawai don an ga baƙar fata cikin farin sulken sojan daula. Kafin su akwai Ahmed Best da ya yi Jar Jar Binks a fim ɗin 1999, wanda ya bayyana a 2018 cewa tsangwamar da ya sha ta kai shi ga tunanin kashe kansa. Babu wata soyayyar labari da za ta wanke wannan.

Daga nan ne kamfanin ya yi abin da nake ganin shi ne babban kuskure. Gaskiya ne sun shiga tsaka mai wuya, domin Carrie Fisher da ke fitowa a matsayin Leia ta rasu a Disamban 2016, kuma Colin Trevorrow da aka tsara zai ja ragamar fim na ƙarshe ya bar aikin a Satumban 2017, aka dawo da Abrams cikin ƙurarren lokaci. Duk da haka, The Rise of Skywalker na 2019 ya fito kamar takardar ban haƙuri. An dawo da Palpatine da rai ba tare da gamsasshen bayani ba, wanda hakan ya rage darajar sadaukarwar Vader ta 1983. An ce shi ne ya ƙera Snoke. An mayar da Rey jikarsa, aka ce iyayenta sun zaɓi su zama ba kowa ba ne don su ɓoye ta. Rose kuwa fitowarta gaba ɗaya ba ta kai minti biyu ba, ko da yake Chris Terrio, ɗaya daga marubutan, ya ce an yanke wuraren da za ta fito tare da Leia ne saboda matsalar haɗa hoton marigayiyar. A 2020 Daisy Ridley, wadda ta fito a matsayin Rey, ta bayyana a wata hira cewa da farko an yi tunanin alaƙanta ta da Obi-Wan, kuma har aka fara ɗaukar fim na ƙarshe ana ta kai-komo a kan ko jikar Palpatine ce ko a'a. Wannan ya nuna cewa duk shekarun da masoya suka yi suna tono alamu, babu wata amsa da aka binne a wurin. Abin ya yi kama da maginin da ke rushe katanga duk lokacin da mai wucewa ya ce ba ta yi masa ba. Kuma hakan bai gamsar da kowa ba, waɗanda suka so The Last Jedi sun ji an ci amanarsu, waɗanda suka ƙi shi sun ga faci ne kawai aka yi. Ko a kasuwa, cikin finafinan Rey guda uku, na farko ya haura dala biliyan 2, na biyu ya tara kimanin biliyan 1.3, na ukun kuwa da ƙyar ya wuce biliyan 1.

Malam Edita, na kawo wannan batu ne kuma saboda masu shirya finafinanmu na Hausa masu dogon zango, waɗanda ake saki mako-mako, yanzu suna cikin irin wannan yanayi. Kafin a kammala rubuta zango na gaba, marubuci ya riga ya karanta ɗaruruwan sharhi a ƙasan bidiyonsa, wannan na cewa a haɗa wance da wane aure, wancan na cewa a tona asirin wane tun yanzu. Sauraron 'yan kallo ba laifi ba ne, amma ina roƙon marubuci kada ya dasa tambaya a kashi na farko alhali shi kansa bai san amsarta ba, kuma idan ya yanke hukunci a kan makomar jaruminsa bisa abin da labarin ke buƙata, to ya tsaya a kai ko da sharhi ya yi zafi. 'Yan kallo kuma su bar jaruma ta sha iska idan rawar da aka ba ta ba ta yi musu daɗi ba.

A watan Afrilun 2023, a taron masoyan Star Wars da aka yi a Landan, Lucasfilm ya sanar da wani sabon fim da Daisy Ridley za ta dawo a matsayin Rey, wanda Sharmeen Obaid-Chinoy 'yar Pakistan za ta ba da umarni, labarin kuma zai faru ne shekara 15 bayan na 2019, lokacin da Rey take ƙoƙarin sake kafa makarantar Jedi, wato jarumai masu ƙarfin ɓoye irin su Luke. Tun daga ranar hasashe ya sake tashi a kan su wa za ta koyar. Fatana shi ne ɗalibanta su kasance irin yaron nan mai tsintsiya na Canto Bight, kuma marubutan su san ƙarshen labarinsu kafin su kunna kyamara.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya