Wasiƙa daga Omaha: yadda nake shirya 'yar Mazdata

Omaha, Nebraska, Amurka

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya aiki, ya yaran gareji? Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Sanyi ya fara leƙowa, ganyen itatuwa duk sun fara zuba.

Saƙonka ya iso, na kuma ji faɗan da ka yi mini. Ka ce labari ya zo maka wai na sayi motar tsere na shiga sahun masu wasa da rai, ni da ke da 'ya'ya. Sai kuma ka ƙara da cewa in har na nace, to in sa mata turbo, na'urar nan mai tura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ko in ɗora mata babban inji don kada a bar ni a baya. Duka biyun zan amsa maka, domin na lura daga tunani ɗaya suka fito: ka ɗauka abin gudu ne. Na ga gara in zauna in rubuto a tsanake, tunda kai ne za ka gane zancen ƙarfe fiye da kowa a cikinmu.

Wasan sunansa autocross. Ƙungiyar da ta fi kowace shirya shi a nan ita ce SCCA, ƙungiyar masu motocin wasanni ta Amurka, wadda aka kafa tun 1944, su kuma Solo suke ce masa domin kowace mota ita kaɗai take shiga. Ba a jera motoci a ce wa zai riga wani. Fili ake samu mai faɗi, ko wurin ajiye motoci na babban filin wasa ranar da babu kowa, ko tsohon filin jirgi, sai a jera robobin nan masu tsini ruwan lemo, irin waɗanda masu aikin titi ke sawa, a zana hanya mai kwana-kwana da su. Ka shiga, na'ura ta ɗauki lokacinka, ka fita. Zagaye ɗaya yawanci wajen minti guda ne, wani lokaci bai ma kai ba. Gudun da wuya ya wuce kilomita 100 a awa, ni kam kusan duk zagayen a giya ta biyu nake yin sa. Kowace roba an zagaye gindinta da alli. In ka kayar da ita ko ka ture ta ta fita daga zanen, an ƙara maka sakan 2 a lokacinka. In ka tsallake wata ƙofa, zagayen ya tashi a banza. Babu bango, babu mota mai tahowa, babu mai tsallaka titi. In mota ta juya da kai, iyakacinta ka watsa robobi ka ji kunya.

Motar kuwa Mazda ce, MX-5, wadda a nan ake kira Miata, ƙirar 1999. Kujera biyu gare ta, rufinta na tamfol ne mai naɗewa, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Injinta lita 1.8 ne, ƙarfin doki 140, ka ga ko wata Camry da ake kawo maka gyara ta fi ta ƙarfi. Amma nauyinta kilo dubu ne da 'yan kai, kuma nauyin ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Tun da aka fara nuna irinta a baje kolin motoci na Chicago a 1989 ake ƙera ta a Hiroshima, kuma zuwa 2016 an ƙera miliyan guda, shi ya sa kayanta ba sa wuya ko kaɗan. Abin da ya fi ba ni wahala wajen saye shi ne tsatsa. A nan gishiri suke zuba wa titi lokacin dusar ƙanƙara, gishirin kuma ya cinye ƙasan mota. Wannan ƙirar takan ruɓe ta ƙarfen shasi na gaba da kuma gefe dab da tayar baya. Sai da na kwanta ƙarƙashin kowace da na je gani da tocila da sukundireba ina ƙwanƙwasawa, har Allah ya haɗa ni da wadda ta fito daga jihohin kudu, inda ba a san gishirin titi ba.

Aikin farko da na yi mata babu abin burgewa a ciki, irin wanda kake yi kullum ne. Bel ɗin tayimin, wanda ake so a canja kowane mil dubu 60, na canja shi tare da famfon ruwa tunda hannu ya riga ya shiga wurin. Lagireton asali kansa na roba ne, baƙi wuluk yake yana sabo, in ya tsufa sai ya koma ruwan ƙasa. Nawa ya riga ya koma, alamar kowane lokaci zai iya fashewa, na cire shi. Sai fulogi, baƙin mai, man giya da na bayan mota. Man birki na zuƙe tsohon gaba ɗaya na zuba DOT 4, saboda tsohon mai yana shan ruwa daga iska, in ya yi zafi sai ka ji birki ya yi laushi ƙarƙashin ƙafarka. Na ɗaga ta na girgiza kowace taya ina neman motsin boris da tayarod. Duk wannan dole ne, domin da safe kafin a bar ka ka shiga sai masu duba mota sun girgiza tayoyinka da hannunsu, sun taɓa batir sun ga a ɗaure yake, sun danna totur sun ga yana dawowa da kansa. Ko tabarmar ƙafa sai ka cire ta, kada ta shige ƙarƙashin birki.

To, batun turbo. Motoci aji-aji ake raba su, gwargwadon irin motar da irin canjin da aka yi mata. Ni ina ajin da ake kira E Street, na motocin da suka kusa zama yadda kamfani ya fito da su. Ranar da na sa turbo, ranar za a ɗauke ni a jefa ni cikin waɗanda suka kashe wa motocinsu ninkin kuɗin motata, waɗanda a tirela ake jawo nasu. A ajina abin da doka ta yarda kaɗan ne: taya, shok, sitabilaiza, wato ƙarfen da ke rage kwanciyar mota a kwana, guda ɗaya tak, ko ta gaba ko ta baya, takalmin birki, da salansa daga bayan kataliza. Sifirin ba a taɓa shi. Cikin inji ba a taɓa shi. Ni wallahi wannan takurawar ce ta fi burge ni, domin tana sa mai ƙaramin ƙarfi irina ya iya tsayawa kusa da mai kuɗi.

Mafi yawan kuɗina taya ce ta cinye, kuma ban yi da-na-sani ba. In ka duba gefen tayar da aka yi wa kasuwar Amurka za ka ga lambar da ke nuna jimirinta ga cinyewa. Tayar motar gida takan nuna 400 ko 600 ko fiye. Dokar ajinmu ta ce kada lambar ta gaza 200, don haka kamfanoni suka yi tayoyi masu laushin roba da suka tsaya daidai kan 200 ɗin: Bridgestone na da RE-71RS, Yokohama na da A052, Falken na da RT660. Na sa Bridgestone, 205/50 a kan rim 15. Malam, ranar da na fara shiga kwana da su sai na ji kamar an canja mini mota. Wurin da da take kuka tana zamewa, yanzu sai ta kama ƙasa ta juya shiru. Ba sa daɗewa, kuma ba sa son sanyi, don haka in hunturu ya shigo cire su nake yi in shigar da su cikin gida. Ka riƙa nuna wa masu sayen tayar Balijiyam lambobi huɗun nan na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya kan iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe ta zama itace.

Iskar taya ma karatu ce mai zaman kanta. Kafin in shiga nakan goga alli a kafaɗar kowace taya, wurin da zane ya ƙare gefe ya fara. In na fito sai in durƙusa in duba inda allin ya goge. In ya goge har ya gangara gefe, tayar na lanƙwashewa, iska ta yi kaɗan. In bai kai bakin zanen ba, iska ta yi yawa, ba duka fuskar tayar ke aiki ba. Tayar tana ɗaukar zafi iskar na hauhawa, don haka tsakanin zagaye da zagaye geji na hannuna ina ragewa kaɗan-kaɗan. Ranar da ake rana sosai za ka ga mutane da famfon feshi irin na manoma suna fesa wa taya ruwa don ta huce.

A ƙafa, na sa shok na Koni masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake iya murɗa su daga sama a ƙara musu tauri ko a rage. Na kuma sa sitabilaiza mai kauri a gaba, domin sifirin Miata laushi gare shi, in ta shiga kwana sai ta kwanta gefe guda. Sai alaimen, wanda nan ne za ka yi dariya. Na ce wa mai alaimen ya karkatar da kan tayoyin ciki iyakar yadda notin kamfani zai bari, a gaba ya samu digiri ɗaya da ɗan wani abu. Da a Ƙofar Ruwa ka yi wa mutum haka, da ya dawo maka da mota yana cewa tana cin taya ta ciki. Dalilin shi ne, in mota ta kwanta a kwana, tayar waje ce ke ɗaukar nauyi, kuma tana son ta kife kan kafaɗarta. In tun farko ka karkatar da ita ciki, sai kwanciyar motar ta miƙar da ita, ta zauna da dukan fuskarta a ƙasa daidai lokacin da ake buƙata. Birki kuwa na bar na kamfani, takalmi kawai na sabunta. Minti ɗaya bai isa ya gajiyar da birkin mota mara nauyi ba.

Duk da haka, abin da ya fi rage mini lokaci ba a kanti na saye shi ba. Sababbin shiga ana haɗa su da malami kyauta. Nawa wani dattijo ne mai furfura, mara yawan magana. Ya zauna a gefena ya ga tuƙina, sannan ya ce mu yi musaya. Da motata, da tayoyina, da iskar da na sa, ya fi ni da sakanni masu yawa, a wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kuma a ciki ban ji yana gudu ba. Hannunsa a sitiyari a hankali, ba fizga, birki sau ɗaya da ƙarfi kafin kwana, sannan ya sake shi sannu-sannu yana juyawa. Abin da ya yi ta nanata mini shi ne in ɗaga ido. Robar da ke gaban hancin mota ta riga ta wuce ka, ta biyu ko ta uku a gaba ita za ka kalla. A jerin robobin da ake saƙa tsakaninsu hagu da dama, sai ka fara juyawa tun kafin ka iso robar, har ka ji kamar tayar baya za ta taka gindinta. Ka san doki komai kyansa sai da mahayi.

Shi ya sa safiya ta fi komai muhimmanci. Ba a ba ka damar gwaji da mota, kuma kowace rana sabuwar hanya ake zanawa. Da ƙafa za ka zagaya ta kana haddacewa, kana tsayawa a bakin kowace kwana kana tambayar kanka ina zan taka birki, ina zan koma totur. Sannan kowa sai ya yi aiki. Ana raba mutane rukuni-rukuni, in wasu na tuƙi wasu na tsaye a fili da jan tuta da rediyo da abin kashe wuta, suna gudu suna mayar da robar da aka kayar. Likita da ɗalibi da mai wankin mota duk a rana ɗaya suke tsaye. A nan ne nake ƙara koyo, don ina ganin inda gwanaye ke sa tayarsu.

Da nake tsaye a filin nan nakan tuna yaranmu masu wasan mota ranar biki, a kan titin da mutane ke bi, babu hular kwano, 'yan kallo dab da taya. Mun san gidajen da aka yi wa rashi ta wannan hanya. Son sarrafa mota da ke zuciyarsu shi ne a tawa, kuma ban ga laifin son ba. Abin da suka rasa fili ne da aka killace, da agogo, da babba mai cewa wannan motar ba za ta shiga ba sai an ɗaure batir. Wasan nan bai buƙatar a gina komai. In ka yi tunani a kai, ka faɗa mini ko kana ganin masu gareji irinku za su iya haɗa kai su nemi izinin wani fili.

Babbar gasar ƙasa ta wannan wasa a kusa da ni ake yin ta, a Lincoln, tafiyar kamar awa ɗaya daga Omaha. Tun 2009 ake yin ta a can kusan kowane Satumba, a farfajiyar tsohon sansanin sojan sama, kuma direbobi sama da dubu ke zuwa daga ko'ina a ƙasar. Kankare ne a wurin, ya fi kwalta kama taya. Bana kallo na je yi. Ina fatan in Allah ya kai mu, wata shekara in shiga, ko da a ƙarshen jeri zan fito.

Akwai abin da nake son shawararka a kai. Kwanan nan in na taka kuloci da safe sai in ji ya yi laushi, giya ta ɗaya na shiga da ƙyar, kuma man da ke ɗan kofinsa yana raguwa. Na leƙa na ga danshi a jikin famfon ƙasa da ke gefen giyabos. Na yi niyyar canja shi cikin hunturun nan tunda motar za ta kwanta. Kana ganin in canja na saman ma gaba ɗaya tare da tiyon, ko in bar shi tunda bai nuna komai ba? Zan turo maka hotonsa ta WhatsApp ka duba.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a, ka kuma kwantar mata da hankali game da motar. Ka gaida uwargida da yara, da duk mutanen layi. Maman yara na gaishe ku.

Wassalam,
naka har kullum,
abokinka na Omaha